Kwalabe Huɗu a Kan Katako

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da hannu ya aikata ko da baki ya ɓoye. Wannan babin shi ne wanda na yi ta tsallakewa. Na rubuta muku ƙuruciyata a Dodoru, na rubuta auren mahaifiyarku da komawarmu Gwandu, duk cikin sauƙi, amma da na iso nan sai na ajiye biro har wata uku. Yau da fushi na ɗauke shi. Ina fushi da garin da na yi aiki a cikinsa, ina fushi da mutanen da suka taya ni ba tare da sun sani ba, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne fushin da nake yi da kaina. Kun taso kuna jin ana ce wa wani tsoho a Kalgo Mai-guba. Wasunku sun faɗi sunan a gabana, ban hana ba. Sunansa Iliya. Bai taɓa ba dabbar kowa guba ba. Ni ne na ba su.

A shekarun da nake magana a kansu ina aiki a gonar kiwo ta wani attajiri, Alhaji Bawa, a bayan Dangoma. Gonar ta daɗe da watsewa, Alhajin ma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tumaki muke kiwo da ragunan layya. Mu bakwai ne masu aiki, ni ne babba. Ba don na fi su iya kiwo aka ɗora ni ba. Na yi karatun allo har na kusa sauka, daga baya na zauna ajin yaƙi da jahilci shekara biyu, na iya karanta lamba da rubuta suna. A wurin da sauran ba sa bambanta biyu da bakwai a takarda, wannan ya isa ya sa mutum ya riƙa ganin kansa. Ni kuwa na ga kaina sosai.

Iliya ya zo mana daga wajen Zuru. Kirista ne, ya yi makarantar kula da lafiyar dabbobi, gajere, mai yawan dariya. Likita muke ce masa, shi kuma kullum yana cewa bai kai likita ba. Ya kama haya a Kalgo shi da matarsa Rahila, yana zuwa gona a kan wani tsohon babur da ake jin ƙararsa tun daga kan kwalta. Hannunsa na da albarka a kan dabba, wannan ko mai ƙinsa ya sani. Wata damina akuyar mahaifiyarku, Kulu, ta kasa haihuwa. Na ambata masa a cikin hira kawai, sai ga shi a Gwandu ya jiƙe sharkaf, ya durƙusa cikin taɓo ya ciro mata 'ya'ya biyu da rai. Fura ya sha ya koma. Na faɗa muku wannan don ku san irin mutumin da na yi wa abin da na yi.

Garke huɗu ne a gonar. Na fari 'yan raguna da aka yaye, na biyu matasa, na uku tumaki iyaye, na huɗu manyan raguna masu ƙiba. In damina ta sauka akan ba su maganin tsutsar ciki. Maganin nan gwargwadon nauyin dabba ake ba ta, in ya yi yawa kisa yake yi. Da yake ba mu iya awo ba, Iliya ya samo dabara. Sai ya haɗa maganin da ruwa a kwalabe huɗu iri ɗaya, masu duhu, ya cika kowacce har wuya. Ta 'yan raguna kusan ruwa ce zalla, ta manya kuwa maganin ya fi ruwan yawa. Kowace dabba sirinji ɗaya za a ɗura mata a baki, babba ko ƙarama, kwalbar ce kawai ta bambanta. Yakan jera su a kan wani katako a ɗakin ajiya, marar ƙarfi a hagu, mai ƙarfi a dama. Ranar da na fara ganin jerin nan abin ya ba ni dariya.

“Likita, don mi kake fara jeri da hagu? Komi na alheri da dama ake fara shi.”

“Malam Sahabi, ni haka suke zaune a kaina,” in ji shi. “In na rufe ido, ɗaya tana can hagu, goma tana dama. Kai rufe naka ka gani.”

Na rufe. Sai na ga ɗaya a dama, kusa da hannun da nake cin tuwo, manyan lambobi suna tafiya hagu kamar layin rubutu a kan allo. Na faɗa masa.

“To ka gani,” ya ce yana dariya.

“Na gani. A juye aka haife ka.”

“Ɗayanmu dai. Amma ragunan Alhaji ba za su jira mu gano wane ne ba.”

Ya ciro alli daga aljihu ya rubuta a gefen katakon, ƙarƙashin kowace kwalba: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Manya-manya ya rubuta su. Ina tsaye ina kallo.

Bayan wata biyu ranar ba da magani ta zo, ta kuma yi daidai da naƙudar Rahila. Da sassafe ya iso, idanunsa ja, ya haɗa maganin ya jera. Ya same ni a bakin garke tare da sauran ma'aikata.

“Malam Sahabi, yau kai ne likita. Ta fari ga 'yan raguna, ka bi jeri har ƙarshe. Don Allah ka duba lamba.”

“Na ji. Tahi, Allah ya sauke ta lafiya.”

“Ka duba lamba fa.”

Wannan maimaicin ne ya sosa mini rai. A gaban mutanen da nake shugabanta, baƙo yana tuna mini in duba lamba, ni da na fi kowa sanin lamba a wurin. Na shiga ɗakin ajiya da wannan haushin. Ban sunkuyar da kai ba. Na miƙa hannu na ɗauki kwalbar da ke dama, don a wurina nan ne farko yake, nan yake tun ina ɗan shekara biyar a gaban malam. Hannuna bai yi shakka ba ko kaɗan. Muka bi 'yan ragunan nan ɗaya bayan ɗaya, ana riƙe mini su ina ɗura musu maganin da aka auna don rago mai nauyin mutum. Na mayar da kwalbar inda take, na ɗauki ta kusa da ita. Muka wuce garke na biyu, na uku, na huɗu. Manyan raguna suka sha ruwa kusan zalla suna lasar baki.

Muna wanke hannu sai Mamman Dogo, wanda ya fi mu tsufa a aikin, ya ƙwala salati daga garken fari. Muka ruga. 'Yan ragunan suna karkarwa, kumfa na zuba daga bakinsu, wasu suna tafiya da baya, wasu sun faɗi suna shure-shure. Wani ya kawo wuƙa don kada su zama mushe, Mamman Dogo ya ce wa zai ci naman da ba a san abin da ke cikinsa ba. Kafin azahar ashirin da shida sun mutu, wasu daga garke na biyu kuma suna kwance.

Amma ni ban tsaya har azahar ba. Tun da na ga kumfar farko na koma ɗakin ajiya ni kaɗai. Na sunkuya. Kwalbar da na fara da ita tana zaune a kan lamba huɗu. Allin yana nan fari tas, makaho ne kawai ba zai gan shi ba. Ina so ku karanta abin da ya biyo baya da kyau, don na daɗe ina gaya wa kaina cewa firgita ce. Ba firgita ba ce. Na tsaya na tuna da mahaifiyarku da ku, na tuna yadda za a riƙa nuna ni a kasuwa, na tuna Iliya baƙo ne, ba shi da kowa a nan. Na auna duk wannan. Sannan na tsoma tsumma a bokitin ruwa na goge katakon daga wannan gefe zuwa wancan. Na shafa ƙasa a kai don kada a ga danshi.

Da la'asar Alhaji ya iso. An je an ɗauko Iliya daga asibiti, matarsa ta haifi namiji, ko ɗaukar yaron bai gama yi ba. Aka taru a gindin dogon-yaro, gawarwakin suna jere a gefe ƙudaje na binsu. Iliya ya duba bakin ɗaya, ya shinshina sirinjin, nan take ya gane.

“An ba su kwalbar manya,” ya ce. “An fara daga ƙarshe.”

Alhaji ba mutum ne mai hayaniya ba. Shi ma ɗan makarantar allo ne, yana kuma alfahari da cewa yana yin adalci. Ya sa aka kawo kwalaben aka jera su a ƙasa yadda suke a kan katakon. Ya ja layi da sandarsa, ya ce kowa ya zo ya tsaya a nan ɗaya bayan ɗaya.

“Mamman, wacce ce ta fari?”

Mamman Dogo ya nuna ta dama. Na bayansa ya nuna ta dama. Mutum shida, ba wanda ya yi jinkiri, ba kuma wanda ya yi ƙarya. Haka abin yake a kawunansu. Alhaji da kansa ya tsaya a layin ya ɗora sandarsa a kan ta dama.

“Kai fa, Likita?”

Iliya ya nuna ta hagu. Aka yi guna-guni.

“Ranka ya daɗe, shi ya sa na rubuta lamba. Tana nan a jikin katakon. A je a ɗauko.”

Aka ɗauko. Aka juya shi gaba da baya. Babu komi sai ƙura. Iliya ya karɓa ya shafa gefen da yatsa, sannan ya juyo ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne. Kallon wanda ya ga ɗan'uwansa a cikin taro ne.

“Malam Sahabi, kana tsaye na rubuta. Faɗa masu.”

“Ni dai, ranka ya daɗe,” na ce, Alhaji nake kallo, “yadda ya jera na bi. Ya ce ta fari, na ɗauki ta fari. Ban san zancen rubutu ba.”

“Wa ke fara abu da hagu,” in ji Mamman Dogo, “in ba mai mugun nufi ba?”

Ba wanda ya tsawata masa. Alhaji ya sallami Iliya a wurin, ya ce ba zai kai shi ƙara ba albarkacin jaririn da aka haifa. Har aka yaba masa da sauƙin hali. Kafin kasuwa biyu su ci labarin ya zagaya duk masu kiwo daga Dangoma har Kalgo, ya kuma canza kama a hanya. Aka ce da gangan ya yi. Aka ce wani ne ya turo shi. Aka ce irinsu komi da hagu suke yi. Ba wanda ya sake barinsa ya taɓa ko kaza. Mutumin da ya ɓata shekaru yana koyon cikin dabba ya koma bakin titi yana yin facin taya. Likita ya ɓace daga bakin mutane, Mai-guba ya maye gurbinsa. Yaron da aka haifa ranar, Yusufu, tun yana rarrafe ake ce masa ɗan Mai-guba. Ni kuwa Alhaji ya damƙa mini ɗakin magani, ya ce ni ne amintacce.

Mahaifiyarku ba ta yarda ba ko na kwana ɗaya. Da na ba ta labari tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

“Malam, Likita ba ya kuskuren magani.”

“Ke mi kika sani a kan magani?”

“Ban san komi ba. Na san wanda ya shiga ruwan sama saboda akuyata.”

Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, na ce kada in sake jin sunansa a gidana. Ta ci gaba da tankaɗenta. Daga baya na ji ta aika wa Rahila sabulu da turmin zane ta hannun wata mai sayar da daddawa. Na yi kamar ban ji ba, don in na yi magana sai ta dube ni, ni kuwa kallonta nake gudu.

Kuna iya tambaya yaya mutum yake salla sau biyar a rana da irin wannan a cikinsa. Zan gaya muku yadda na yi. Na gina wa kaina hujja na zauna a cikinta. Na ce dama ita ce farko a wurin Allah da halittarsa duka. Da dama ake ci, da dama ake shiga masallaci, daga dama ake fara miƙa wa baƙi ruwa. Saboda haka wanda ya jera abu daga hagu shi ne ya saɓa wa yadda aka halicci duniya, shi ya haƙa ramin, ni faɗawa kawai na yi. Allin da na goge kuwa ƙaramin abu ne a kan babban laifinsa. Na ɗauki sunna mai tsarki, wadda aka koya mana don ladabi, na yi wa ƙaryata rufi da ita. Sunna ba ta taɓa cewa kada ka duba lambar da ke ƙarƙashin kwalba ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a yau. Fiye da shekara ashirin ina ratsa Kalgo, ina juya fuska in na iso wurin masu faci, ina jin kaina mai gaskiya.

Autarku Luba ce ta rushe mini ginin, ita ma ba ta san ta yi ba. Kun san tana karatun dabbobi a jami'ar da ke Kalgo. Kwanakin baya ta zo hutu, kazar mahaifiyarku ta ƙyanƙyashe, muna zaune a tsakar gida da hantsi. Ta ɗauki ɗan tsako ɗaya a tafin hannu.

“Baba, ka san wannan ya iya lissafi?”

“Ya iya cin tsaki dai.”

“Wallahi Baba. An gwada su. A koya wa ɗan tsako cewa abincinsa na bayan wani kwali mai ɗigo biyar. In ya saba, sai a ajiye masa kwali biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne da ɗigo biyu. Yawanci hagu yake nufa. In aka sa masu ɗigo takwas-takwas, sai ya nufi dama. Kamar a kansa kaɗan na hagu, mai yawa na dama.”

“Wa ya koya masa?”

“Ba kowa. Kwanansa nawa a duniya? An ce an ga irin haka ga ƙudan zuma, har da jarirai. Malaman dai suna ta gardama a kan dalili. Mutum kuma in ya girma, rubutun da ya saba da shi yana iya juya masa jerin. Irinku da kuka fara da allo, da yawa ƙaramin na dama. Ba wanda ya yi kuskure, Baba, sabo ne.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ƙarya ce, na ce wannan ne ake koya musu a can, na ce ta ajiye tsakon nan ta ba ni wuri. Yarinyar ta tsorata, ta dubi mahaifiyarta. Kulu ta ci gaba da tsinar shinkafa, ta ce da ita a hankali:

“Tashi ki shiga ɗaki. Ba da ke yake ba.”

Kashegari da suka tafi gidan suna na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Na yanka kwalin sabulu, na ɗiga masa gawayi, na kama 'yan tsaki na tsugunna a bayan rumbu ina gwada su. Tsoho mai furfura yana rarrashin ɗan tsako ya tafi dama. Wani ya yi dama, wani ya yi hagu, wani ya bi ta tsakanin ƙafafuna, uwarsu ta sare ni a hannu. Ban iya gwajin ba, ban kuma gano komi ba. Kulu ta dawo ɗaukar mayafi ta same ni a haka. Ta daɗe tana kallona.

“Malam, shaida kake nema wurin kaji?”

Na saki tsakon da ke hannuna, ta ci gaba:

“In duk sun yi dama, sai mi? Shi ke nan ka wanke?”

A nan na gaya mata zancen allin. Ta ce ba ta san alli ba ne, amma ta san akwai wani abu. Ta ce tun ranar ta fara jiran in faɗa, har ta gaji ta daina. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Na sami Iliya a bakin titi a Kalgo, zaune a kan benci. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari. Yusufu ne ke yin facin yanzu, ƙato mai iyali. Na yi sallama, ya gane muryata kafin ya gane fuskata.

“A'a, amintaccen Alhaji. Tayarka ta yi faci ne?”

Na tsugunna a ƙasa na faɗa masa komi, da tsumman, da ƙasar da na shafa. Yusufu ya ajiye guduma ya matso. Uban ya ɗaga masa hannu.

“Kana tsammanin labari ka kawo mini?” in ji Iliya. “Ni na rubuta lambar. Ranar kai kaɗai ke da mabuɗin ɗakin ajiya. Ka ɗauka shekarun nan duka zama na yi ina tunanin aljanu ne?”

“Ka yafe mini, Likita.”

“Kada ka kira ni da wannan sunan, kai ka kashe shi. Mi ya taso da kai yau? Ciwo ne? Ka ji ƙamshin kabari?”

Na gaya masa zancen Luba da 'yan tsaki. Ya yi dariya har da tari, ba irin dariyarsa ta da ba.

“Yusufu, ka ji? Ni na faɗa, ba a yarda ba. Matarsa ta faɗa, bai yarda ba. Sai da ɗan tsako ya faɗa.” Ya juyo gare ni. “Ko da tsakon ya ce dama, Sahabi, ai ka ga lambar.”

“Na gani.”

“To tashi, kana tare wa masu babur hanya. Ba a kan bencin nan ka ɓata ni ba, ba kuma a nan za ka gyara ba. A Dangoma ka yi, gaban mutane. Ka je can ka faɗa da irin muryar da ka faɗi wancan. Zancen yafiya kuma ka bar shi tukuna. Yaron nan ma yana da nasa hakkin, shi ba a tambaye shi komi ba aka raɗa masa suna.”

Ranar Juma'a na tafi Dangoma. Na roƙi liman ya ba ni dama in yi magana bayan an sallame, ya yarda. Na tsaya a ƙofar masallaci kafin mutane su watse. Daga cikin mu bakwai, ban da ni, Mamman Dogo ne kaɗai ya rage, yana dogara sanda. Na ɗaga murya na faɗi sunana da sunan mahaifina. Na ce ni na ba 'yan ragunan Alhaji Bawa maganin da ya kashe su. Na ce Iliya ya rubuta lamba, ni na goge ta da hannuna, na kuma yi ƙarya a gaban shaidu. Na ce duk wanda ya taɓa ce masa Mai-guba, a kan ƙaryata ya faɗa. Na shirya wa zagi. Na shirya a tofa mini yawu, wallahi da an yi da na ji sauƙi.

Sai aka yi kabbara. Mutane suka yo kaina suna miƙo hannu. Wani ya ce irina sun yi ƙaranci a zamanin nan. Wani ya ce wannan shi ne dattako. Liman ya yi mini addu'a, ya ce matasa su yi koyi da ni. Mamman Dogo ya rungume ni yana hawaye yana cewa Allah ya riga ya yafe, abin da ya wuce ya wuce. Ba wanda ya ce a tashi a je Kalgo. Ba wanda ya tambayi yadda Iliya ya ci da iyalinsa a shekarun nan. Na ɓata mutum na sami girma, na zo na tona kaina na sake samun wani girman. Shi kuwa yana can a kan benci.

Ina neman takalmina sai na ji wasu samari biyu a bayana.

“Wai wane Iliya ne tsohon ke magana?”

“Mai-guba mana. Baban mai facin nan na Kalgo.”

Na juya na kama rigar wanda ya faɗa, na ce masa sunansa Iliya, Likita Iliya, ya maimaita. Ya maimaita don ya ga tsoho ne ya riƙe shi. Da na sake shi na ji suna dariya ƙasa-ƙasa.

Na koma Kalgo a ranar na ba Iliya labarin yadda aka yi, ban rage komi ba. Ya saurara har ƙarshe. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban sake roƙo ba. Yusufu ne ya yi mini magana, yana ɗaure taya, bai ko dube ni ba.

“Juma'a ɗaya ke nan, Baba. Mu shekara ashirin da biyar muka yi.”

Juma'a mai zuwa zan tafi masallacin kasuwar dabbobi. Na riga na gaya wa mai babur ya zo da wuri.